Muryar Inna A Kwamfutar Da Aka Wanke

Ban yafe wa Habu ƙanin mijina ba, ban kuma yafe wa Sabi'u mai gyaran kwamfuta na Birnin Kudu ba. Muna gaisawa da su, Habu ma tuwona yake ci duk ranar Juma'a, amma zancen yafiya ban kai wajen ba tukuna, kuma ba zan ce na yafe da baki alhali zuciyata ba ta yafe ba. Maza biyu suka tsaya a kan kayana suka yanke hukunci ina bayan shago ina salla. Kwamfutar tawa ce, da gumina na saye ta, abin da ke cikinta kuma muryar uwata ce.

Ku da kuke karanta wannan, wallahi tallahi abin da zan faɗa muku ya faru da ni, shekarun baya, da damina, a ɗakina a Gwaram, da rana tsaka, idona biyu, ba zazzaɓi nake yi ba. Wanda ya ga dama ya yarda, wanda bai ga dama ba ya bari.

Sai na fara gaya muku wace ce Inna, in ba haka ba ba za ku gane ba. Mutuniyar Kwandiko ce, gidansu Fulani ne irin waɗanda Fillancin ya daɗe da barin bakinsu amma kunyar tana nan daram. Ni ce 'yarta ta fari, kuma kun san yadda ake yi da ɗan fari a irin gidajen nan: ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa, ba a nuna an damu da shi. To Inna ta riƙe wannan abu fiye da kowa. Tun da na buɗe ido a duniya ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ke, waccan, 'yar nan, su ne sunayena. In za ta aike ni sai ta dubi ƙanina ta ce je ka ce wa yayarka ta ɗebo ruwa, ina tsaye a gabanta fa. Ranar da za a kai ni ɗakin miji daji ta tafi neman itace. Na san tana sona, don duk lokacin da na je gida sai na tarar an ɓoye min man shanu a ƙwarya, a ce wai ragowa ne ba mai ci. Amma suna, ko sau ɗaya.

Ni kuwa sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, daga nan na zarce na koyi kwamfuta, na sayi wata ta hannu irin ta ɗorawa a cinya, ina buga wa mata katin biki da na suna a gida. Da ciwon Inna ya fara tsananta, duk zuwan da zan yi Kwandiko sai in ajiye wayata kusa da ita in danna ɗaukar murya. Tana da ɗan dutsen niƙa da ta ƙi rabuwa da shi, ko an kai hatsi inji sai ta zauna ta niƙa kukarta da barkononta da hannu, tana yi tana waƙa ƙasa-ƙasa, tana tsayawa ta yi tari ta ci gaba. Na ɗauki waƙoƙin, na ɗauki hirarta, na ɗauki faɗanta da kaji. Har dabara na yi mata wata rana, na ce, "Inna, wa kika fara haifa?"

Ta ce, "Ji 'yar nema. Karatun da ake koya muku ke nan?"

Na ce, "Ki faɗa kawai, waya ce ba mutum ba."

Ta ce, "Ke da kike riƙe da wayar fa, icce ce ke? Tashi ki ba ni wuri."

Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta. Wannan ma yana ciki. Allah Ya ji ƙan Inna, bayan rasuwarta wayar ta suɓuce min ta faɗa rijiya, amma ban damu sosai ba, don na riga na kwashe komai na zuba a kwamfuta. Can kaɗai muryar ta rage a duniya.

Abin da ya kai ni Birnin Kudu kuwa son gyara ne. Muryoyin cike suke da kukan kaji da hucin iska, wani wajen ba a jin abin da take cewa sai an kasa kunne. Aka ɗora min wata manhaja mai tace sauti, amma da na buɗe ta sai kwamfutar ta daskare, in zauna in yi ta kallon ɗan zoben nan yana juyawa har tuwo ya ƙone. Aka ce ƙwaƙwalwarta ce ta yi kaɗan, wadda suke kira ram, sai an ƙara mata. Maigidana ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, ya haɗa ni da Habu, shi ma dama zai je sayen taki. Muka hau bas da safe.

Sabi'u mutum ne mai natsuwa, ba zan yi masa ƙazafi ba, ya san aikinsa. Ya kwance bayan kwamfutar ya cusa mata sabon ram, ya ce yanzu ta zama giga takwas, da giga suke auna girman ram. Ya kunna, ya duba, sai ya girgiza kai ya juya wajen Habu.

Ya ce, "Malam Habu, ka ga inda matsalar take. Babbar manhajar da ke tuƙa ta mai talatin da biyu ce, ko nawa ka zuba mata giga uku da ɗan wani abu kawai take iya amfani da shi, sauran yana zaune a banza. Sai an sauke ta an ɗora mai sittin da huɗu."

Na ce, "Malam, ni ce mai kwamfutar, ni za ka yi wa bayani."

Ya ce, "To Hajiya," kansa a ƙasa, ya ci gaba da yi wa Habu bayani.

Habu ya ce, "Yaya, ki bari maza su gama magana mana, ke da kika koyi baƙi da furfura a ka."

Na ce, "Kai da ka koya babu furfura, me ka taɓa rubutawa ban da sunanka a bayan buhun taki?"

Aka yi dariya har da Sabi'u. Wasan da muka saba ne ni da Habu, ban kawo komai a raina ba. Ana cikin haka aka kira azahar, Sabi'u ya ce sai ya nemo filashin da sabuwar manhajar ke ciki, ɗan abin nan da ake tsira wa kwamfuta a zuba ko a kwashi kaya, zai ɗan ɗauki lokaci. Na shiga gidan da ke bayan shagon na yi salla, matan gidan suka dama min fura, hira ta ɗan ja. Ban san sauke tsohuwa a ɗora sabuwa yana nufin a share duk abin da ke ciki ba, ba wanda ya gaya min, kuma ni ce ya kamata a gaya wa.

Da na dawo na tarar fuskar kwamfutar ta zama wata iri, wani layi yana tafiya a hankali. Na ce me ake yi? Sabi'u ya ce ai an wanke ta, yanzu sabuwar ke hawa. Na ce kayana da ke ciki fa? Sai ya dubi Habu, Habu ya dubi titi.

Ashe Sabi'u yana da ƙa'ida a shagonsa: ba ya kwasar kayan matar aure ya zuba a filashinsa sai namijin da ya kawo ta ya yarda, don an taɓa yin wani miji da ya zo masa da gora a kan hotunan matarsa. Ko buɗe ma'ajiyar mace ba ya yi. Shi ne ya tambayi Habu ko a kwashe kafin a wanke. Habu kuma, wai shi mai kare mutuncin gidan wansa, ya ce kayan matar wana ba za su kwana a filashin wani ƙato ba, me ma ke ciki, ai waƙe-waƙen tsofaffi ne da katin biki, wanke ta kawai. Kowannensu yana ganin girmama ni yake yi. Taku kaɗan ne tsakanin shagon da inda nake zaune ina shan fura, ba wanda ya ce a leƙa a tambaye ni.

Ban yi kuka a gabansu ba. Na ce, "Habu, uwata ka sa aka goge." Sabi'u ya rikice, ya ce a bari ta gama hawa ya gwada jawo su, ya yi ta fama har bayan la'asar, gumi na zubo masa, ya samo wasu tsofaffin katunan biki a yayyage, amma murya ko ɗaya, ya ce sabuwar ta hau kan wajen da suke. Ya ce in yi haƙuri. Ya nuna min inda zan riƙa dubawa in ga ram nawa ke aiki, ga takwas ɗin nan cif ta fito, kamar wannan ne zai sanyaya min rai. Muka hau bas muka koma Gwaram.

Na jefa kwamfutar ƙarƙashin gado na yi kwanaki ban taɓa ta ba. Sai wata maƙwabciyata ta kawo aikin katin suna, na ga ba dalilin da zan hora baiwar Allah a kan laifin wasu. Ranar kowa ya tafi gona, ana tsakiyar noma, gidan ba kowa sai ni da awaki, an yi ruwa da safe, gari ya yi luf. Bayan na yi azahar na jawo ta na ɗora a kan tabarma na kunna. Kai, ta yi sauri kam, kafin in gyara zama ta buɗe. Ba komai a cikinta, fes, kamar ɗakin da aka kwashe kaya.

Ban kai ga buɗe komai ba sai na ji fankar cikinta ta tashi da ƙarfi, iska mai zafi tana fita ta gefe tana dukan gwiwata. Na ce to, wani abin kuma ya lalata. Na shiga wajen da Sabi'u ya nuna min, sai na ga ma'aunin ya cika har baki, takwas ɗin nan kusan duka suna aiki, ga jerin abubuwan da ke buɗe kuma ba wani abin kirki a ciki. Ina kallo ina mamakin me ke cin wannan wuri haka, sai na ji gurza.

Gurzar dutse ce, gurr, gurr, a tafi a dawo. Na ɗauka maƙwabta ne, na kasa kunne ta taga, shiru, kuma duk layinmu ba mai dutsen niƙa. Na sunkuyo, wallahi daga 'yan ƙofofin sifikar kwamfutar take fita. Farin ciki ya fara kama ni, na ce Allahu akbar, ashe akwai wadda ta tsira. Sai dai wani abu ya tsaya min: babu kaji, babu iska. Duk abin da na ɗauka na san shi kamar tafin hannuna, na saurare su har na haddace inda zakara ke cara, ba ko ɗaya da ya fita tas haka. Wannan kamar a cikin ɗakin ake niƙan, har ina jin saukar garin a kan faifai.

Gurzar ta tsaya. Aka yi tari, tarin nan nata mai ƙarewa da ɗan nishi. Sannan ta kira sunana.

Sunana na yanka fa, wanda ba mai kirana da shi a Gwaram, nan Yaya ce ni ko Hajiya. Muryar Inna ce, ba mai kama da ita ba, ita ce, kuma ba da faɗa ba, a hankali, irin kiran da na sha ji tana yi wa autarmu in ta ajiye mata wani abu. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Tsigar jikina ta tashi, amma ba zan ɓoye muku ba, ba tsoro ne ya fara zuwa ba. Na'am ce ta taso min tun daga ciki, ta zo har maƙogwaro, shekara hamsin da wani abu tana jiran ranar fita.

Kun san abin da aka gaya mana tun muna yara: ba a amsa kiran da ba a ga mai kira ba. Ita kanta Inna ta sha dukanmu a kan haka in mun je daji, ta ce ba kowane mai kira ne mutum ba, kana amsawa ka ba da kanka. Na cusa bakin zanina a baki na cije. Na kai hannu na rage sautin har ƙasa, na kashe shi gaba ɗaya, alamar ta nuna a kashe yake. Ta sake kira, ƙarfin muryar bai ragu ba ko kaɗan. Wannan karon da ɗan ja a ƙarshe, kamar mai tambaya ko ina nan.

Na fara Ayatul Kursiyyu a zuci, bakina cike da zani, hawaye na zuba, wata zuciyar tana ce min amsa mana, me ya rage miki, uwarki ce, wata tana ce min uwarki ba ta taɓa yi ba tana raye, me zai sa ta yi yanzu. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a haka ba. Ba ta ƙara kira ba. Sai na ji ta sauke numfashi, ta ce, "To, shi ke nan." Haka take cewa in ta miƙa wa mutum abu ya ƙi karɓa. Dutsen ya ɗan gurza kaɗan ya yi shiru, fankar ta lafa, ma'aunin ya sauko ƙasa ina kallonsa.

Na zauna a wajen har aka kira la'asar. Na bincike kwamfutar lungu-lungu, ba wata murya a ciki, ba ko ɗaya. Daga baya ma na mayar wa Sabi'u ya duba, wannan karon ni ya kalla ya yi wa bayani, ya ce sabuwar manhaja takan cinye ram in tana sabunta kanta, amma zancen sauti ya fita alhali an kashe, shi bai san wannan ba, kuma ya roƙe ni kar in ce a shagonsa aka yi aikin. Kwamfutar tana nan har yau ina aiki da ita, na sha kunna ta a daidai wannan lokaci in zauna in jira, ba ta sake ba.

Da maigidana ya dawo daga gona wajen magariba na gaya masa. Ya ajiye fartanya, sannan ya ce, "Kin amsa?"

Na ce, "Ban amsa ba."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Wanda ya mutu ya mutu, ba ya kiran kowa. Shaiɗan ne ya ga inda zuciyarki take da rauni."

Na ce, "Na sani, Malam. In kuma ita ce fa?"

Ya ce, "Ki yi mata addu'a, ki bar wannan maganar."

Na bar maganar a baki. Na yarda matattu ba sa dawowa, haka addini ya koya mana, kuma da za a sake yi yau ina jin ba zan amsa ba. Amma wannan to shi ke nan ɗin tana nan a kunnena, in ina tuƙa tuwo, in ina kan sallaya. Ko mene ne ya yi kiran, ya san abin da na rasa, ya kawo min har ɗaki, na ƙi karɓa. Allah ne kaɗai Ya san gaskiyar abin.

Shawarata gare ku, musamman mata 'yan'uwana: duk wadda za ta kai kwamfuta ko waya a ƙara mata wani abu ko a canja mata manhaja, ta kwashe kayanta da hannunta tukuna, ta ajiye a wuri biyu, kuma kar ta matsa daga wajen ko da taku ɗaya, in salla ce ta ɗauki abarta ta tafi da ita. Kar ki bar wani ya amsa tambayar da ke aka yi wa, ko mijinki ne. In kuma kin ji kira ba ki ga mai kira ba, ni dai ban amsa ba, ban kuma ce miki na ji daɗin hakan ba.

Muna cin tuwo a daren nan wayar maigidana ta yi ƙara, ya duba ya miƙo min ya ce 'yarki ce ta Fagam. Babbar 'yata ke nan, tana aure a can da 'ya'yanta huɗu. Na karɓa na ce, "Ke, ya yaran?" Sai na ji abin da bakina ya faɗa. Ita ma 'yar fari ce, kuma yadda aka yi min haka na yi mata, ban taɓa zama na yi tunani a kai ba, haka na tarar ana yi. Ta yi ta ba ni labarin gyaɗarsu, ni kuwa ban ji rabin abin da ta ce ba.

Washegari da na idar da asuba na yafa mayafina na fita bakin titi na tari mai mashin zuwa Fagam, ko karyawa ban yi ba. Ban kira ta daga zaure ba. Sai da na shiga har tsakar gida, na same ta a durƙushe tana hura wuta, na zagaya na tsaya a gabanta inda za ta gan ni da kyau, ta ɗago kai tana shirin gaishe ni, sannan na ce, "Rukayya."